Bangon da Ba Ya Karɓar Ƙaya

A ƙauyenmu, arewa kaɗan da Filinge, ba a cewa mace ta shirya salla don ta ɗinka zane ko ta yi kitso. Sai ɗakinta ya shirya. Da azumi ya shiga goman ƙarshe za ka ga mata da ƙwarya a ka suna hawa tudun bayan gari inda ake haƙar farar ƙasa, baki a bushe, amma bushewar ba ta hana su gulmar wadda ɗakinta ya ba da kunya bara. Innata tana cikinsu, sai dai ita ba a taɓa ta a kan wannan. Ranar salla, in an sauko idi an ci abinci, mata kan bi gida gida wai gaisuwa, alhali kowa ya san kallon ɗaki ne ya fito da su. A ɗakin Inna suka fi daɗewa.

Ga yadda take yi. Ta jiƙa farar ƙasar a kasko, ta narka ɗan ƙaro ta zuba don ta kama, ta tsoma tsumma ta shafe bango tun daga sama har ƙasa. In ya sha iska sai ta kawo jar ƙasa da baƙin tukunya, ta zauna ta yi zane da yatsu uku da gashin kaza: sawun zabo, tsani, ƙahon rago, da wani mai lanƙwasa wanda ita kaɗai ta san sunansa. Ba ta awo, ba ta gogewa. Daga nan ta fiddo faifan da ta yi shekara tana saƙawa da kaba, ja da kore da ruwan goro, ta jera su sama da zanen. Ba ƙusa take sa musu ba. Ƙayar aduwa take tsinkowa, ta soka ta tsakiyar faifai ta shige cikin laka, shi ke nan ya zauna har wata sallar.

Ni ƴar fari ce. Wanda ya san ƙasarmu ya san abin da wannan ke nufi: Inna ba ta kama sunana, ba ta kallona ido cikin ido, in tana son in miƙo mata ludayi sai ta ce wa iska, "A miƙo ludayin can." Ana yaye ni aka kai ni wurin gwaggona a Filinge, can na yi lakwal, wato makarantar boko, can na girma. Gida sai hutu. Abin da na sani game da farar ƙasa shi ne tana da daɗin ci, don ina yarinya nakan saci ɓarɓashinta daga kasko in ɓuya bayan rumbu in tauna. Ban taɓa tsoma hannu don in koya ba, ita kuma kunya ba ta bar ta ta ce zo zauna in nuna miki ba.

Da Allah ya sa na zama malamar lakwal a Yamai, na fara kallon ɗakin nan da wani ido. Damina ta zo, gindin bango ya zube. Gara ta ci nan, kunama ta fito can. Ga tsohuwa da azumi a baki tana hawa tudu da ƙwaryar ƙasa, tana saukowa tana haki. Haba! Ina da aiki, uwata tana dama laka? Abin ya tsaya mini a rai. Na jira babban hutu, lokacin da ta tafi Sanam wurin ƙanwata da ta haihu, na kira magini na ce ya shafe ɗakin da siminti ciki da waje, ya bi da fenti shuɗi mai ƙyalli, irin wanda ake gogewa da ruwa.

Da hannuna na cire faifan. Na zare ƙayoyin ɗaya bayan ɗaya na watsa a murhu. Zanen sallar da ta wuce yana nan lafiyarsa lau, magini ya yaɓa siminti a kai ina tsaye ina ba shi umarni, har ina ce masa ya ƙara kauri. Wallahi alheri na nufa. Wannan kam ko gaban wa zan faɗa, kuma na sha faɗa wa kaina, har na gaji da jin sa.

Da ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa. Ta shiga a hankali, ta ɗora tafin hannu a bango, ta shafa, ta sake shafawa. Ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Madalla. Allah shi yi albarka. Allah shi ba da masu yi ma mutum." Gari ya ɗauka. Tsofaffi suna tare ni a hanya suna sa mini albarka, ana nuna ni ga yara. Na koma Yamai kaina ya yi girman tulu.

Ƙaramar salla ta zo, na dawo gida da garin alkama da sukari da ƙwai, don a lokacin na koyi gato, wato kek, kuma ba na bari kowa ya huta da shi. Ba mu da tanda, sai in zuba yashi a gindin babbar tukunya, in ɗora kwanon ƙullu a kai, in rufe, in tara garwashi bisa murfi. Ya tashi ya yi ja, ƙamshi har maƙwabta. Mata suka zo kamar kullum. Suka ci gato, suka yaba, suka kalli shuɗin bango suka ce kai, ɗaki kamar na birni. Daga nan babu sauran abin kallo. Ɗaya ta ce bari su leƙa gidan maƙwabciya, suka tashi gaba ɗaya. Muna jin shewarsu ta katanga, Inna tana zaune bakin gado tana tsince ɓarɓashin gato daga tabarma.

Na ce, "Inna, ina faifanki? Don me ba ki jera ba?"

Ta ce wa ƙofa, "Suna nan ƙarƙashin gado. Ƙaya ba ta shiga."

Sai a lokacin na lura da gindin bango. Ga karyayyun ƙayoyi nan an share an tara a lungu. Ashe ta gwada. Daga baya ƙanwata ta gaya mini har tudun ta hau, ta jiƙa farar ƙasa ta shafa, ta ga tana silalewa bisa fenti tana gangarowa ƙasa, sai ta ɗebo ruwa ta wanke tas kafin kowa ya gani.

Ni da ba na rasa dabara, washegari na sa aka sayo mini ƙusar ƙarfe mai huda siminti. Na ɗauko guduma. Inna ta miƙe da sauri, abin da ban taɓa gani ba, ta tsaya tsakanina da bangon. "A'a. A huda ma mutum bango sabo? Mi mutane za su ce?" Na ce ai bangonki ne. Tun daga ranar na lura ba ta ƙara cewa ɗakina. In tana magana da baƙi sai ta ce ɗakin da yarinyar nan ta yi.

Shekaru suka bi. Kowace salla ina zuwa da gatona, mata suna ci suna wucewa. Inna ba ta daina saƙa ba, faifai suna ta taruwa a ƙarƙashin gado, tana rabar da su ga amare. In azumi ya kai goman ƙarshe mata suna hawa tudu, ita tana zaune a inuwa tana musu sannu. Ina gani. Kada wani ya ce ban gani ba. Amma nakan ce da kaina ai ta huta, ai babu kunama, ai ɗakin bai ƙara zuba ba, kuma duk gaskiya ne.

Wata shekara aka yi wa lakwal ɗinmu sabon fenti. Ni kuwa al'adata ce in sabuwar shekara ta gabato in sa yara su yanka kwali, su manna busasshen ganye da ƙwayar gero da guntun atamfa, su rubuta barka da shekara, mu cika bango da su kafin kowa ya kai wa iyayensa. Darakta, shugaban lakwal ɗin, ya shigo ya ce kada a manna komai, za a ɓata fenti. Tabɗi! Ranar ya ji bakina. Na bi shi har biro, ofishinsa, ina faɗa, na ce bango ne ko madubi, yara sun yi abu da hannunsu a ce su ɓoye a jaka, wane irin rashin tausayi ne wannan, wa ya ce maka ƙyalli muke so? Ina tsakiyar faɗan sai bangon Inna ya faɗo mini a rai. Na fito ban ƙarasa ba, shi yana zaton ya yi nasara. Na zauna a aji, na ji kunya irin wadda ba a iya gaya wa kowa. Amma da yake ni ce, kafin sati ya zagayo na lallashi kaina na ce ai wannan daban wancan daban.

Ƙasarmu ta kwari ce, tana da danshi da gishiri, siminti bisa laka kuwa ba ya daɗewa bai saki ba. Na zo hutu na ga tsaga a waje, na kira magini ya bi ya toshe, na ce ya duba ciki ma. Inna ta ce ciki lafiya lau. Na ce a dai duba. Ta ce gadon yana da nauyi. Na ce mu biyu ne da magini. Muka ja gadon.

Can ƙasa, daidai inda ƙafar gado ke rufewa, siminti ya ɓalle ya bar laka a fili, wurin bai fi tafin hannu biyu ba. An shafe shi da farar ƙasa. A ciki ga sawun zabo ƙanana, ja da baƙi, an jera su tsaf, ga ɗan tsani a gefe. A sama an soke wani ɗan faifai da bai fi murfin kofi ba, da ƙayar aduwa guda. Sai mutum ya kwanta rub da ciki kafin ya yi wannan aikin.

Na juya. Inna tana bakin ƙofa tana murza bakin zanenta. Uwata, da furfurarta, ta sunkuyar da kai ta ce, "A yi haƙuri. Hannun ne ba shi jin magana. Yanzu a goge."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na sallami magini. Na ce gobe za a sauke simintin nan duka, a mayar mata da bangonta. Nan ta ɗaga murya, karo na farko a rayuwata: "Kul! A sa gari shi ce na raina abin da ɗiyata ta yi mini? Ba da raina ba." Na yi magiya, na yi fushi, na tura ƙanwata, na tura gwaggo. Ko gezau. Kyautar ta zama tata, kuma ba ta yarda a taɓa.

Sai na koma sata. Duk zuwan da na yi, in ta fita alwala ko gidan suna, in ja gado in sa gindin cokali in ɓanɓare simintin kaɗan, in kwashe ɓarɓashin a zane in zubar bayan gida. Ita kuma in ta gani sai ta ce wa iska, "Daminar bana ta yi ɓarna." In ce, "Ta yi kam." Ko da rani ne haka muke cewa. Wurin ya kai faɗin faifai, ya kai faɗin tire, zanen yana bin sa. Sai dai na lura layukan sun fara karkacewa, sawun zabon yana fita da rawa.

Bana na zo tun azumi da saura. Na yi ta maza na ɓanɓare har ya kai faɗin tabarmar salla, ya fito sarari sama da gado, inda duk wanda ya shigo zai gani. Ni na hau tudu na haƙo farar ƙasa, mata suna mini dariya wai madam ta zo cin ƙasa. Inna ta gaya wa kasko yawan ƙaron da za a zuba, na zuba, na shafe wurin ya yi fari tas. Ta sa aka kawo jar ƙasa da baƙin tukunya. Ta zauna a kujera ƴar tsugunne, ta tsoma yatsu uku, ta ɗaga hannu.

Hannun ya yi ta kaɗawa. Ta riƙe shi da ɗayan, duka biyun suka kama rawa, jar ƙasa tana ɗiga a zanenta. Ta daɗe a haka. Sannan ta sauke, ta goge yatsun, ta turo kaskon gabana da ƙafa. Ta ɗago ta dube ni cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce, "To, ke yi."

Na tsoma yatsu uku kamar yadda na ga tana yi. Na tsaya gaban farin bangon, ƙasa tana bushewa a hannuna.

Na ce, "Inna, ban iya ba."

Ranar salla mata suka zo, suka ci gato. Ɗaya ta nuna farin wurin ta ce me za a zana a nan? Inna ta ce sai baɗi in Allah ya kai mu.