Matoshin Kawu Ilu

Akwai maganar da na faɗa wa Kawu Ilu a saman benensa na unguwar Balad, kusa da bakin teku a ƙasar Makka, wadda da ana janye magana da tuni na janye ta. Cewa na yi, "Ƙaddara ce, Kawu." Har da dafa masa kafaɗa, alhali ni ne ƙaddarar. Jikarsa Su'ad ce ta tono min wannan, da ta aiko daga unguwar Safa cewa ta sayi 'yar tukunyar tace ruwan wardi, wai in koya mata yadda kakanta yake yi. To Su'ad, da ku sauran da kuka san shi, ku saurara.

Kowa ya san Kawu Ilu, ƙanin mahaifiyata, ba ya kashe wuta sai ya yi wa tukunyarsa sallama. Tukunyar jan ƙarfe ce, mahaifinsa ya ɗauko ta tun daga ƙasar Hausa, ta ratsa Sudan, ta haye teku. Shi ya sa yake kiranta Hajiya. "Ta riga ku aikin hajji," in ji shi, "ku gaishe ta." Kuma sai mun gaishe ta! Tsufa da yawan goga sun cinye jikinta har ta yi laushi, amma ba ta taɓa yoyo ba.

Aikin ba wuya a ido. A zuba furen wardi da ruwa a tukunya, a rufe, a hura gawayi. Tururi ya bi bututu, bututun ya ratsa duron ruwan sanyi, ruwan wardi ya riƙa ɗiga cikin babbar kwalba. Sai dai Kawu kan liƙe kowace kafa da kwaɓaɓɓen gari, tun daga bakin marfi har wuyan kwalbar, don kada ƙamshi ya tsere. In maƙwabta suka ce, "Ammi Ilu, yau ƙamshinka ya cika unguwa," maimakon ya ji daɗi sai ya ɓata rai ya haye sama da gudu.

"Asara! Wani wuri na yoyo. Ƙamshin da na saya ne kuke shaƙa kyauta!"

Saboda wannan liƙe-liƙen ya huda marfin, ya sassaƙa ɗan matoshi na itace. In aiki ya ƙare, kafin ya taɓa garwashi, sai ya naɗe hannu da tsumma ya zare matoshin, tururi ya yi fiii, ya ce, "Yi numfashi, Hajiya." Sannan ya janye wutar. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce, "Cikinta tururi ne kawai. In ta huce, tururin ya koma ruwa, cikin ya zama wayam. In ba ka ba ta iska ta ƙofa ba, sai ta haɗiye kanta." Na yi dariya. Ni direba ne a lokacin, da matata da 'ya'yana, ina ɗauko masa buhunan fure daga Ɗa'if a lokacinsu. Ina ganin wanda ya san injin mota ba tsoho zai koya masa tukunya ba.

Tattalin ruwa kuwa, kada ku tambaya. A wancan zamanin sai mai garwa ya hau bene da ruwa a kafaɗa. Ruwan duron in ya yi zafi Kawu ba ya zubarwa. A yi wanki da shi, na wankin a goge matakala, abin da ya rage a ba tukunyar ɗoɗɗoya. Wata rana na wanke fuskata sau biyu, ya tsaya yana kallona.

"Habu, fuska nawa gare ka?"

"Ɗaya, Kawu."

"To ta biyun ta waye ka wanke?"

Wanda ya fi yawo a bakin mutane shi ne zancen askari, wato ɗan sanda. Wani baƙo a unguwar ya ga bututu da hayaƙi, ya kai ƙara wai Takaruri, wato mu 'yan ƙasar Hausa, na dafa abin maye a saman bene. Sai ga askari ya hauro yana haki, ya nemi iƙama, takardar izinin zama, ya duba, sannan ya nuna murhu.

"Yalla, kashe wutar nan!"

"Ɗayyib, ɗana. Bari ta yi numfashi tukuna."

"Wa zai yi numfashi?"

"Hajiya."

Askarin ya waiga yana neman mace. Kawu ko a jikinsa, ya naɗe hannu, ya zare matoshi. Tururin wardi ya daki mutumin nan a fuska. Ya shaƙa, ya sake shaƙa, ya ce irin wannan mahaifiyarsa ke ɗigawa a shayi. Kawu ya cika masa 'yar kwalba. Yana sauka, mu muna hamdala an rabu lafiya, sai muka ji Kawu ya leƙa ta taga yana ƙwala kira:

"Ya askari! Ruwan kyauta ne, amma kwalbar ka dawo min da ita!"

Wallahi ya dawo da ita.

Yanzu ga nawa. Wata la'asar a ƙarshen lokacin wardi, an yi rasuwa a maƙwabta, Kawu ya rage wuta ya tafi jana'iza. Ni kuma na yi wa mai motar da nake ja alkawarin sabon ruwan wardi, ga fasinjojin Makka suna jirana a ƙasa. Na hau, ba kowa sai Hajiya tana ɗiga a hankali. Na san rabin ƙa'ida, cewa ba a cire kwalba wuta na ci. Ɗaya rabin ne na raina. Na ga matoshin da idona, na ce wannan ai al'adar tsofaffi ce. Na watsa wa garwashi ruwa. Na ga tukunyar ba ta da niyyar hucewa, na ɗauki garwa cike na kwara mata.

Ruwan da ke cikin kwalba na gani yana komawa bututu da baya, kamar ana zuƙa da tsinke. Kafin in miƙa hannu, sai na ji ƙara, ba babba ba, kamar an taka gwangwani. Gefen Hajiya ya lotse ciki, kamar kumatun tsohon da haƙoransa suka zube. Ba wanda ya taɓa ta. Ta haɗiye kanta, yadda ya faɗa.

Na sauka, na tayar da mota, na tafi Makka.

Washegari na same shi zaune a gabanta, hannunsa a kan lotsawar. Bai ɗago ba ya ce, "Habu, ina jin na tsufa. Gaggawar jana'iza ta sa na bar ta a toshe, gawayi ya mutu." Ya yi shiru, ya daɗe. A wannan shirun ne na dafa shi na ce ƙaddara ce.

Maƙerin jan ƙarfe ya gwada buga ta, ta tsage. Na ce zan sayo masa sabuwa, ya ce halas, shi ke nan, bayan Hajiya ba wata. Ya cika ta da ƙasa ya dasa ɗoɗɗoya. Matoshin kuma ya ɗaura a jikin carbinsa. Duk sa'ad da ya ciro carbin a masallaci sai in sunkuyar da kai. Masu sayen ruwansa suka watse, benen ya daina ƙamshi, shi kuma ya rage surutu. Shekaru suka wuce ina kai masa cefane, ina gaishe shi, bakina a liƙe.

Sai da ciwon ajali ya kwantar da shi na iya. Na zauna a bakin shimfiɗarsa na ce, "Kawu, ni ne na kashe wutar nan."

"Na sani."

"Ka sani?"

"Gawayin a jiƙe na same shi. Gawayi yana yi wa kansa wanka ne?" Ya yi tari, ya harare ni. "Garwa guda cur, Habu! Ruwan da bai yi wanki ba, bai goge matakala ba!"

Ina kuka ina dariya. Na ce to me ya hana shi faɗa, me ya sa ya ɗora wa kansa?

Ya ce, "Ƙofa na buɗe maka ranar, ba ka shigo ba. Hajiya ta riga ta tafi. Yayata kuma kai kaɗai ta bar min. In na yi faɗa a ranar, kunya za ta kore ka, in rasa biyu." Ya lalubo carbin, ya kwance matoshin da ƙyar, ya danƙa min. "Ina ta kallonka kana yawo a toshe. Na ji tsoro kada kai ma ka lotse kafin in mutu. Yanzu dai ka yi numfashi."

Bai kai Juma'a ta gaba ba.

Allah Ya jiƙan Kawu Ilu, Ya sanyaya makwancinsa, Ya sa ƙamshin Aljanna ya ishe shi ba tare da ya liƙe ko kafa ɗaya ba. Ya yafe mini abin da shi ya riga ya yafe.

Su'ad, matoshin yana wurina, ki zo ki karɓa. In kin gama tacewa, ki buɗe wa tukunyarki iska kafin ki kashe wuta, ki ɗaga bakin bututun daga cikin ruwan kwalba, ki bar ta ta huce da kanta, kada ki kwara mata ruwa. In kuma wata rana kin ɓata abin wani, ya zauna a gabanki ya yi shiru yana jira, don Allah kada ki ce masa ƙaddara ce.