Ɗan Ga-ruwan Cikin Gilas

Ni ne wawan wannan labari, gara in faɗa da bakina kafin yayata Hajara ta riga ni. Wata Juma'a bayan Hajjin 2017, jikana Faisal ya ja ni ɗakinsa a unguwar Hindawiyya, nan ƙasa mai tsarki. Kabad ce ta gilas cike da 'yan tsanar roba masu ƙaton kai, wasu ko kwalinsu ba a buɗe ba. Ya ce masu zane ne ke ƙera su kaɗan-kaɗan, kuma ajiye su ake yi a riƙa kallo, kamar hoton bango. Sannan ya ɗauko wanda ya ƙera da hannunsa: ɗan ga-ruwa, sanda a wuya, garwa biyu, kafaɗar hagu a karkace. Mahaifinmu ne, yadda na sha ba shi labari. Uban yaron ya ce shirme ne, ya bari ya nemi aikin kirki, sai fa in ni na sa baki. Don haka bakina yake kallo.

Ni kuwa, da karatuna na aji uku, na gyara zama na buɗe lacca. A Jarwal, unguwar da muka tashi, na ce, ba a gina wa abin wasa gidan gilas. Gwangwanin kifin da alhazai suka yar muke tsinta, mu huda shi da ƙusa, mu yi masa taya da marfin kwalba, mu ja shi da zare a bayan Baba yana hawan tudu da ruwa. In ya dawo mu ke ɗauraye garwa, Inna tana gasa masa kafaɗa da tsumma mai zafi tana cewa, "Ku rage hayaniya, ubanku ya gaji." Hajara kuwa ƙashin ragon layya take wankewa, ta yi masa kitso da baƙin zare, ta goya shi. Kafin Muharram duk mun ragargaza su, ba mai kuka.

Yanzu gidan babu, tudun ma an baje shi. In na bi ta wurin sai in rasa inda ƙofarmu take. Amma wannan ban faɗe shi ba. Cewa na yi, "Abokina, mu namu karya su muke yi. Wanda aka kulle a gilas me sunansa?"

Faisal ya sunkuyar da kai. Yaya Hajara na zaune bakin ƙofa da carbinta, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce:

"To sarkin karyawa, nuna mana ko cokali ɗaya da ya rage daga gidanmu. Yaro ya dawo mana da Baba, kai me ka ajiye?"