Hoton Anti Binta na kan dutse yana nan daram

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina ɗaura ɗankwali zan fita ofis sai ga kiran Ummi, 'yar Anti Binta. "Anti Kulu, Mama ta tafi." Na zauna a bakin gado.

Anti Binta ta rasu, ciwon zuciyar da take fama da shi ne ya zama ajali.

Ga wanda bai san ta ba, ita ce ogata ta farko a ministiri. Shekara shida tana tsayawa ta ɗauke ni a gadar Nyanya, mu sha go-silo tare, tana min faɗan latti tana miƙo min ƙosai. In ta dawo daga Katsina sai ta cika but ɗin mota da lemon Zuba, kowa a ofis ya samu, har wanda suka yi faɗa da shi ranar Juma'a.

Tun kafin a sa lokacin jana'iza na ga wani hotonta yana yawo a status: tana kwance a asibiti, robar oksijin a hanci. Ni kuwa na ɗora wanda kuke gani a sama. Zuwa yanzu mutum huɗu sun biyo ni inbos. Wai in sauke, hoton yawon duniya ne. Wai gara da Umara ta tafi. Wata ma cewa ta yi mu muka ja ta Turai muka ƙarasa ta.

To ku saurara, ba zan sauke ba.

Bara, da ta yi ritaya, mu huɗu muka hau jirgin ruwan yawon buɗe ido a Bahar Rum. Ita ta kawo shawarar, da iznin likitanta, da jakar magungunanta. Ranar da muka tsaya a wani tsibirin Girka aka nuna mana ƙauye can ƙololuwar dutse, gidaje farare fes, matakala kuwa ba iyaka. Mai yi mana jagora ya dubi sandarta ya ce ta jira a ƙasa, ko ta hau jaki.

Ta dube shi sama da ƙasa. "Kulu, gaya masa na baro jakuna a Malumfashi. Ba zan tsallako teku in hau na wani ba."

Haka muka hau. Taki goma, mu huta. Ni ce mai kukan mu koma, ita ce mai ce min raguwa kawai. Turawan da muka taso tare har sun fara saukowa, mu ba mu kai ba.

A can sama wata tsohuwa mai baƙin ɗankwali ta fito mata da kujera da ruwa da ɓaure. Ba Hausa ba Turanci, amma sun yi hira ta fi ta rabin awa, kowacce tana nuna wa 'yar'uwarta gwiwar da ke damunta suna dariya. Da azahar ta yi, Anti ta nemo alƙibla a waya, ta shimfiɗa darduma a tsakar gidan matar ta yi sallarta.

Bayan ta sallame na ɗauki hoton. Ku duba da kyau. Hijabinta har ƙasa, sanda a sama, teku a bayanta. Me ke ciki na kunya? Matar da ta sauke farali sau biyu ba ta buƙatar ku tuna mata hanyar Makka.

Kwana tara da suka wuce na je duba ta a asibiti. Ina zaune wani ɗan'uwanta ya ɗaga waya ya ɗauke ta hoto, ko izni babu. Ba ta da ƙarfin hana shi. Da ya fita ta kamo hannuna.

"Kulu, in ta Allah ta kasance, wancan za su yaɗa. Ke ki sa na kan dutse. Yarana su ga uwarsu a tsaye."

Na ce ta daina irin wannan magana. Ta ce, "Raguwa."

Kalmar ƙarshe da na ji daga bakinta ke nan, kuma wallahi yau ba zan zama raguwa ba. Amana ce. Na tambayi Ummi, ta ce in bar shi. In akwai hoton da ya kamata a goge, wanda aka ɗauka ba da yardarta ba ne. Mai shi a waya ya ji tsoron Allah ya goge.

Ya Allah, baiwarka Binta ta zo gare ka. Ka gafarta mata, ka haskaka kabarinta, ka ba Ummi da ƙannenta haƙuri. Yadda ta hau dutsen nan ba ta juya ba, ka ɗaga darajarta har Firdausi.

Wanda ya karanta, ko ya yarda da ni ko bai yarda ba, don Allah ya yi mata Ƙulhuwallahu ƙafa uku. Wannan ne zai iske ta.