Ilona Matar Jalilu da Rawar Jikarta

Haihuwa

An haifi Ilona a shekarar 1954 a garin Kalocsa na ƙasar Hungary. Mahaifinta Balint kafinta ne, mahaifiyarta Piroska kuma mai ɗinkin ado. A ƙarshen 1956 tarzoma ta kore su, suka sauka a Manchester da yarinyar a kafaɗa.

Karatu da aiki

Karatunta bai wuce sakandare ba. A 1970 ta shiga masaƙa, ranar Lahadi kuwa tana zaune gaban mahaifiyarta tana koyon ɗinkin furanni da waƙoƙin ƙauyensu. Kowace shekara iyalin ba sa fashin bikin al'adun Hungary da 'yan ƙasarsu ke shiryawa a Manchester, inda ake girki a fili, yara mata kuma su yi rawar da'ira.

Aure da zuri'a

A 1978 ta musulunta, ta auri Jalilu, direban bas ɗan Kumasi, suka tare a Small Heath da ke Birmingham. Danginta suka ce ai ta bar gida, dangin miji kuma suka yi ta kiranta Baturiya har ta yi furfura. Khadijatu, ƙanwar Jalilu, ita kaɗai ta riƙe ta da amana. Duk da haka Ilona ba ta yar da bikin ba: kowace shekara takan hau mota da 'ya'yanta zuwa Manchester, ta kafa rumfa, ta dafa miyar nama da jan barkono da naman halal, har bayan rasuwar Jalilu a 2011.

Bikin 2023

Burinta na tsufa ɗaya ne: ta ga jikarta Hana, 'yar ɗanta Junaidu, cikin rawar da'ira. Tun hunturu take koya mata taku, ta kuma ɗinka mata riga. Ranar biki sabuwar mai shirya rawa ta tare yarinyar a bakin dandali, ta ce ɗankwali ba ya cikin kayan 'yan mata, ko ta cire ko ta koma cikin 'yan kallo. Sannan ta juya ga Ilona tana yi mata bayanin al'adar Hungary da Turanci, a hankali, kamar mai magana da baƙuwa.

Khadijatu ta ce, "Yaya, me wannan matar ke cewa? Ke za ta koya wa garinku?"

Ilona ta ce, "Bar ta. Ɗauko min jakata. Hana, share hawayenki, mu je car park."

A can, tsakanin motoci, ta rera waƙar rawar da bakinta tana tafi, Hana ta taka. Tsofaffi mata da suka san Piroska suka fito suka kama hannun yarinyar, da'ira ta haɗu. Daga cikin masu shirya bikin ko mutum ɗaya bai leƙo ba. Ilona ba ta sake komawa ba.

Rasuwa

Allah ya yi mata rasuwa a watan Maris na 2024 bayan gajeriyar jinya. Khadijatu tana wanke-wanke Junaidu ya bugo ya ce, "Gwaggo, Mama ta tafi." Aka yi mata sutura, aka binne ta a Birmingham bisa koyarwar Musulunci. Sai da aka yi sadakar bakwai masu bikin suka aiko da furanni suna tambayar ranar jana'iza. Khadijatu ta ce wa mai kawowa ya mayar musu, wadda za ta ji ƙamshin tana raye suka bar ta a waje.

Ta bar 'ya'ya uku, Junaidu da Sherifatu da Abdul-Rashid, da jikoki biyar. Allah ya jiƙanta, ya haskaka makwancinta.

Khadijatu ba ta iya harshen Hungary ba sai gaisuwar safiya da ta koya wurin Ilona. Kullum kafin Hana ta tafi makaranta takan buga mata waya ta gaishe ta da ita, ba ta ajiyewa sai yarinyar ta amsa.