Sandar da Na Miƙa wa Arɗo

Ni da ko kaza ban iya yankawa ba, ni na jawo zub da jini mafi muni da idona ya taɓa gani, kuma ina murmushi na jawo shi.

Ina koyarwa a Zuru, a shekarun dubu biyu da 'yan kai, gwamnati ta yanke shawarar sake fitar da burtalin shanu, a kafa masa turakun siminti. Aka ɗebi malamai irina mu shiga ƙauyuka mu gano wa shawarar za ta amfana, wa za ta cuta. Kwana uku ana koya mana dabaru. Akwai auna ra'ayi da tsakuwa, kowa ya jefa tasa inda ya fi so. Amma wadda ta tafi da hankalina ita ce taswirar ƙasa: a share fili, mutane su zana garinsu da kansu. Matar da ta horar da mu ta yi ta nanatawa, "Kada ku zana musu. Ku miƙa musu sandar." Na haddace tsaf, na fito ina jin kaina wani masani.

Aka tura ni wani ƙauye a hanyar Manga. Can akwai tsohon soja mai gona a gindin dutse, da Arɗon makiyayan wurin. Shekara talatin shanun Arɗo suna wucewa ta gonar zuwa rafi. Da damina su zagaya ta bayan dutse, in an girbe dawa su ratsa tsakiya su ci kara su bar taki. Hanya ce mai sauyawa da lokaci, ba wanda ya taɓa zana ta. Takardar da aka ba ni in cike kuwa layi ɗaya take so.

Da hantsi na tara su a gindin ɗorawa, manoma da makiyaya. Dattawan biyu suna kan benci ɗaya, sojan yana tsokanar Arɗo wai nonon shanunsa rabi ruwa ne. Na zuba toka ta zama rafi, na zagaye gonar da karare, na jibge tsakuwata a gefe. Sannan na ɗauki sanda na miƙa wa Arɗo.

Abin da ban sani ba, a wurin ba a jan layi a ƙasa gaban shaidu sai in iyaka ake yankawa. Wanda ɗan aiken gwamnati ya ba sanda kuwa, shi aka ba gaskiya.

Arɗo ya ce, "Malam, wace hanya? Ta rani ko ta damana?"

Na ce, "Wadda kuke bi yanzu, Baba."

Rani ne. Ya ja layi ta tsakiyar gonar, ni kuma shashasha na duƙa ina kwafewa a littafi.

Sojan ya miƙe. "Arɗo, gonata ka raba a gaban gwamnati?"

"Ba ni ar raba ta ba, yaron ga yac ce in zana."

Sojan ya murje layin da ƙafa, ya cafki sandar. Suka yi ta ja, tsofaffi biyu suna huci. Arɗo ya saki, ko ta kuɓuce masa, Allah ne masani, tsinin ya koma ya shige idon sojan. Ya kurma ihu, jini ya feso har kan takardata.

Daga nan ba wanda ya tambayi yadda aka yi. Fartanya ta tashi, sanduna suka tashi. Tsakuwar da na tara don auna ra'ayi ita aka dinga jifa da ita. Na ga an sare wa wani makiyayi kunne da adda, yana laluben abinsa cikin toka. Na ji ƙarar karyewar hannun wani manomi kamar an taka busasshen kara. Dutse ya fasa mini goshi, na rarrafa ƙarƙashin bencin nan na kwanta. Tsoro ne, ba zan kira shi da wani suna ba. Daga inda nake ina ganin Arɗo a durƙushe, ya rungume kan sojan, ana dukan bayansa bai saki ba.

Na kai rahoto, na rubuta abin da ya faru a shafin ƙarshe. Taswirar kawai aka duba. Aka kafa turaku daidai kan layin da na kwafa, ta tsakiyar gonar. Kafin nan Arɗo ya kwashe shanunsa ya yi wajen Wasagu.

Bayan shekara biyu na gamu da sojan a kasuwar Zuru, ido ɗaya a shafe. Na so in ɓuya, ya riga ya gan ni.

"Malam mai sanda!"

Na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mini."

Ya ce, "Tashi, ido ba komai ba ne, na ga waɗanda suka bar kai a yaƙi. Ka gaya wa masu takarda hanyarsu tana nan da siminti, saniya ko ɗaya ba ta bi." Ya juya zai tafi, sai ya dawo ya riƙe mini hannu. "Kai mai yawo ne. In ka ga Arɗo, ka ce masa karan bana yana nan, ban ƙone shi ba."