Mun Riga Ruwa Isa Onitsha

Asubar fari muka bar Fatakwal, ana ta yayyafi, ko karin kumallo ba mu tsaya yi ba. Mu uku ne: ni daga Kano, da wani abokin aiki daga Yamai, da wata baiwar Allah daga Garwa ta Kamaru. Dukkanmu aikinmu ɗaya, auna tashin ruwan kogi da saukarsa. Taro ne ya haɗa mu, kan yadda ƙasashen da kogunan Kwara da Binuwai suka ratsa za su riƙa sanar da juna kafin ambaliya. A zauren taro sai da tafinta, su Faransanci ni Turanci. Da muka fita cin tuwo a unguwar Hausawa muka gano ashe duk muna jin Hausa. Daga ranar tafinta ya huta da mu.

Abin da ya tashe mu da wuri saƙo ne daga Lakwaja, inda kogunan biyu suka haɗu: ruwa ya hau ma'auni fiye da yadda aka zata. Kwana goma kafin nan mutanen Garwa sun faɗa mana yana tafe. Lissafinmu ya nuna zai iso Onitsha cikin kwana huɗu. Hukuma ta sanar a rediyo da Turanci da Ibo, amma masu rumbunan albasa da wake na bakin kogi yawancinsu mutanenmu ne, kuma ba mu da tabbacin sun ji.

Hanyar Owerri ta ci mu. Ramuka sun cika da ruwa, ba ka sanin zurfinsu sai ka faɗa. A wani kwari muka tarar da ruwa ya haye kwalta, motoci sun yi layi. Direba ya leƙa ya ce, "Oga, water don chop road," wai ruwa ya cinye hanya, kamar mu ba mu da ido. Muka kwashe awa biyu a wurin. Masu gasasshiyar masara da ube, wani ɗan itace mai maiƙo na Kudu, su kuwa kasuwa ta buɗe musu, farashi ya ninka nan take. Mutumin Yamai bai taɓa cin ube ba, ya gatsa ya yamutsa fuska, ya ce wannan ai man shanu ne da ya yi fushi. Muka yi dariya, amma kowa idonsa na kan waya.

Bayan azahar muka shiga Upper Iweka, babbar mahadar motocin Onitsha. Tirela, luksuri, keke, 'yan kamasho na ihu, komai ya tsaya cak. Muka bar direba da mota, muka taka da kayan awo a kafaɗa har muka sami keken da ya kai mu bakin kogi. Ruwan ja ne, yana tafe da rassan itace da robobi, ya riga ya shanye matakala uku na inda ake sauke kaya daga jirgi.

Aka kai mu wurin shugaban 'yan albasa, dattijo ɗan Sakkwato da ya fi shekara talatin a garin. Muka durƙusa muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ni kuwa ina ta satar kallon agogo. Da na gama bayani ya ce, "Malam, bara ma an zo an ce mu kwashe. Muka kwashe, albasa ta sha wahala a hanya ta ruɓe, ruwa bai zo ba. Bana kuma?"

Gaskiya ya faɗa. Na ce, "Baba, rantsuwa ba zan yi maka ba. Abin da muka auna na kawo maka." Na buɗe kwamfuta ina nuna layukan da ke hawa. Mutanen da suka kewaye mu suka fara watsewa, wani yana cewa 'yan boko sun dawo da zane-zanensu.

Sai mutuniyar Garwa ta matso, ta miƙa wa dattijon wayarta. Bidiyo ne da ta ɗauka da kanta ranar da za ta baro gida. Ya kalla, ya gyara tabarau, ya sake kallo.

"Wannan ba gadar Garwa ba ce?"

"Ita ce, Baba."

"Na yi fatauci a garin nan ina saurayi. Ƙarƙashin gadar nan muke shanya kaya." Ya ɗago kai. "'Yata, ruwan nan duk nan zai biyo?"

"Ba shi da wata hanya, Baba. Ya wuce Makurɗi, jiya ya shiga Lakwaja."

Dattijon ya mayar mata da wayarta. Bayan sallar la'asar ya miƙe a masallaci ya faɗa wa jama'a, ya ce shi dai nasa zai kwashe, kowa ya yi shawara da zuciyarsa. Kafin magariba 'yan dako sun fara jidar buhuna zuwa tudu. Wasu suka bi shi, wasu suka ce sai sun gani da ido.

Washegari muka kafa sandar awo a jikin matakalar, muka shafa jan fenti a inda idan ruwa ya taɓa kowa ya fita, muka nuna wa ladan yadda zai karanta ya turo mana safe da yamma. Daga nan muka kama hanyar Enugu, inda za mu haɗa alƙalumanmu da na abokan aiki masu nazarin zaizayar ƙasa.

A unguwar Asata ta Enugu muka sauka, gidan wani ɗan kasuwa da aka haifi 'ya'yansa a can, suna yi mana Hausa suna juyawa su yi wa juna Ibo. Okpa mai zafi, wato alalen gurjiya, da shayi muka karya da su. A unguwar Coal Camp aka nuna mana wani kwazazzabo da ya cinye bayan shagon wani maƙeri, shi kuma yana ta aikinsa a gaba kamar ba komai. Ina kallo, amma hankalina na Onitsha. In ruwa bai zo ba, na san ba mai sake sauraron ɗayanmu a kasuwar nan.

Ruwan ya zo a kwana na uku, ba na huɗu ba. Da hantsi ladan ya kira, ya ce jan fenti ya nutse tun asuba. Rumbunan bakin kogi duk sun cika da ruwa. Waɗanda suka jira sun yi asara, wani ya fita da rigar jikinsa kawai. Na tambaya ko an rasa rai. Ya ce a'a. Sai a lokacin na zauna.

Muka rabu a tasha, kowa ya nufi ƙasarsa. Na iso Kano da ciwon baya da takalmin da ba zai sake moruwa ba. Kuskuren kwana guda da muka yi ya tsaya mini a rai, kuma mun amince mu uku za mu bi lissafin mu ga inda ya zame. Na kuma koyi cewa aunawa rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne ka je da ƙafarka, ka durƙusa ka gaisa, ka faɗa wa mutum da harshensa tun yana da lokacin ɗaga buhunsa.