Rumbun Malam Uwaisu na Uku

Duk wanda ya zauna a Aujara a shekarun casa'in ya san Malam Uwaisu, malamin firamare, siriri, mai tafiya yana waiwaye kamar kazar da ta ga inuwar shirwa. Gida ɗaya suke da yayansa Jaji, manomi mai 'ya'ya rututu. Rumbu uku ne a bayan gidan. Biyu kowa ya san na gero da dawa ne. Na ukun fa? To, nan ake yinta.

Littattafai ne a ciki. Tun yana makarantar horon malamai Uwaisu ya kamu da son labaran Turanci na wasu halittu da ke saukowa daga taurari su gana da 'yan Adam. Kuma mutumin nan ba kowane yake saye ba, sai bugun farko. In ya je Kano wajen masu gwanjon littattafai, sai ya buɗe shafin ciki ya ƙura ido, in ya ga bugu na biyu ne ya ajiye yana tsaki. Wai shi ɗan fari daban yake a gida. Saboda gara ya zaɓi rumbu, tunda a kan duwatsu yake zaune. Ya barbaɗa toka, ya shimfiɗa ganyen darbejiya, ya liƙe bakin da laka.

Bai gaya wa kowa ba. Ina zai fara? Bangon littattafan duk hotunan wasu koraye ne masu ƙaton kai da idanu irin na fara. Wanda ya gani zai rantse tsafi ne. Don haka ko akuya ta raɓi rumbun sai ya bi ta da kallo.

Shi kuwa Jaji tuni ya yanke hukunci: ƙaninsa ɓoyon hatsi yake yi. A majalisa yakan ce, "Ɗan boko ke nan! Cikinmu ɗaya, amma rumbunsa ko ɓera sai da izini." Uwaisu yana ji, yana haɗiyewa. Gara a kira shi marowaci da a kira shi matsafi.

Bayan an ƙaddamar da shari'a, dattawan unguwa suka fara zagayen tara zakkar hatsi. Uwaisu ya fitar ta rumbu biyu. Aka kalli na ukun, aka kalli juna, aka tafi. Daga ranar gaisuwarsa ta fara yin nauyi a bakin mutane, a masallaci ma sai ya ga ana matsawa.

Sai ga wata damina mai tsanani, ruwa ya ɗauke, rumbu biyun suka ƙare tun gero bai fid da kai ba. Da hantsi Jaji ya zo da dattawa biyu, ya tsaya a gindin rumbun.

"Uwaisu, yara sun kwana da kunun kanwa tsararo. Buɗe."

"Yaya, wallahi babu hatsi a ciki."

"Ka ji ko? Har da rantsuwa! Buɗe, na ce."

Uwaisu ya ɗage jinkar, ya fasa lakar, ya miƙo littafi ɗaya. Ya sunkuyar da kai yana jiran a yi salati a ce a kawo ashana. Ɗaya daga cikin dattawan ya jujjuya littafin, ya ce tatsuniyar Nasara ce kawai, ya mayar masa.

Jaji ne ya hau ya leƙa da kansa. Ya tura hannu har ƙasa, ya fito da toka. Ya sauko ya zauna daɓas a ƙasa, dattijo da furfura, sai hawaye.

"Shekara da shekaru ina zaginka," in ji shi, "amma ina barci da daɗi. Ina cewa komai wuya akwai hatsi a gidanmu. Saboda rumbun nan na sayar da rarar gerona bara, Uwaisu."

Uwaisu dai tsoron a cinna wa littattafan wuta ya yi ta ji duk shekarun nan, bai taɓa kawo wannan a ransa ba.

Da kyar gidan ya ga kaka. Ranar da aka kawo dammunan farko, Uwaisu da kansa ya kwashe littattafan ya jibge a ƙuryar ɗakinsa, ya cika rumbun da gero, ya bar bakinsa yadda kowa zai leƙa. Kafin damina ta zagayo gara ta gama da bugun farkon kakaf. Ya share burbushin, ya kai bola, bai ce wa kowa komai ba.